Jikka Sittin ɗin Goggo

Goggo ta koma ga Mahaliccinta ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na cikin gidanmu a Gumel. Daga Allah muke, kuma can duka muka dosa. Yayar mahaifinmu ce, ita ce ta ƙarshe da ta rage a 'ya'yan kakanmu. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba.

Na zauna makoki da dama a ƙasar nan, har da na masu rawani, amma ban taɓa ganin inda aka yi kuka da himma irin na Goggo ba. Matar babban wanmu, wanda muke kira Yaya Alhaji, ta faɗi a tsakar gida tana birgima, sai da mata biyu suka danne ta, liman kuma ya aiko daga zaure a tuna mata wannan ba addini ba ne. Ta tsagaita, ta sha ruwa, ta ɗora daga inda ta tsaya. Wani ɗan baffanmu da Goggo ba ta sa a ido ba tun kafin mulkin kai ya diro daga bayan motar kaya da rabin buhun gero, yana share hawaye da hannun riga, yana tambayar mutane wace ƙofa ce ta mamaciyar. Yaya Alhaji ya yanka rago ran uku, ya tsaya da kansa yana duba kowa ya samu.

A zaure kuwa aka yi ta yabonta da halayen wata matar daban. Wani ya ce mai haƙuri ce. Wani ya ce ba a taɓa jin muryarta a waje ba, alhali duk wanda ya zauna unguwarmu ya san in Goggo na ciniki da mai itace, ladan ma yakan jira ta gama. Ni dai na sunkuyar da kai ina cewa amin.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba, shi ne kuma aka fi yi wa hidima. Ƙanin marigayi mijinta ne, tsoho mai canjin kuɗi a kasuwar Maigatari, muna kiransa Baban Maigatari. Shi aka shimfiɗa wa darduma a kan tabarma, shi aka kawo wa kaza, kowa ya gaishe shi sau biyu, ɗaya don mutuwa, ɗaya don abin da kowa ya sani: ajiyar Goggo na hannunsa. Ya ce zai kawo ta ranar sadakar bakwai, a gaban shaidu. Ya kuwa kawo.

Washegarin bakwai gidan ya yi tsit kamar an yi shara. Aka naɗe tabarmi, ɗan baffan nan ya nemi sauran geronsa ya tafi da shi. Bakunan da suka kira ta mai haƙuri su ne yanzu ke kiranta makira. Da kunnena na ji Yaya Alhaji yana cewa a ƙofar masallaci, "Tsohuwar nan ta tafi da haƙƙinmu a wuyanta."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban iya wa'azi ba, aikina koyar da lissafi a firamare ta Sule Tankarkar. Amma akwai yara da ke tasowa a gidanmu, ba na so su girma da sunan da ake neman laƙa mata. Goggo tana da faɗa, tana da rowar gishiri, ba ta yafe laifi sai ta gaji da tuna shi. Ƙarya ce dai ban taɓa kama ta da ita ba.

Ta yi aure a Dungas, ƙetaren iyaka, ƙasar da tsofaffinmu ke kira Faransa har gobe, ko da yake Faransawan sun tattara sun bar wa Nijar sunanta. Mijinta falken shanu ne. Ta fi shekara talatin a can, ta dawo bayan rasuwarsa, ana tsakiyar yaƙin basasa. Mahaifinmu ya ce ta zaɓi ɗakin da take so, ta wuce sababbi ta nufi wani tsohon soro mai yoyo, wanda bayansa ke jingine da titin Maigatari. A nan aka haife ta, a gindin katangarsa aka binne cibiyarta. Ta ce, "Nan na shigo, nan za a wanke ni." Mahaifinmu ya ce shi ke nan, Yaya, ɗakinki ne.

Ta dawo da akwati ɗaya da bakin mutanen can. Makaranta a wurinta lakwal ce, ni kuma, da yake malamin makaranta ne, Mushe. Can haka ake kiran malami da girmamawa. Nan kuwa kowa ya san abincin ungulu. Na roƙe ta ta daina kirana haka a gaban ɗalibaina, ta ce, "Ni na san wanda nake nufi, Mushe. Wanda ya ji wani abu daban, kunnensa ne." Da na san darajar wannan amsar, da na rubuta ta a allo tun a lokacin.

Kuɗinmu kuwa ba ta yarda da shi ba, kuma tana da dalili. Shekarar da aka canza takardun fam ana cikin yaƙi, mijinta na can Dungas da kuɗin garken da ya sayar a wannan ɓangaren. Kafin labari ya ƙetara iyaka, kafin ya sami hanyar banki, an rufe ƙofa. Ta ce da takardun ta liƙe ɓarakar akwatinta, kuma sun yi aikin da kyau. Mijin bai ƙara damina biyu a duniya ba.

Saboda haka ranar da aka wayi gari a farkon saba'in da uku aka ce babu fam babu sule, sai naira da kwabo, ni aka tura in wayar mata da kai. Na zauna a bakin ƙofarta da sababbin kuɗi a tafin hannu, tana matsar man gyaɗa, sana'arta ke nan, da tuyar ƙuli-ƙuli.

Na ce, "Goggo, abin ba wuya. Fam ɗaya naira biyu ne. Sule goma naira ɗaya. Sule ɗaya kwabo goma."

Ta ce, "Jiya sule kwabo nawa ne?"

"Sha biyu."

"Yau goma. Biyun wa ya ci?"

Na yi mata bayani cewa ba wanda ya ci, sabon kwabon ne ya fi tsohon ƙarfi. Ta karɓi kwabon ta juya shi, ta ga ba huda a tsakiya, ta miƙo mini. "In ya fi ƙarfi, me ya sa ƙosan kwabo bai ƙara girma ba? Kai dai Mushe, mutumin da ke canza suna kowace kasuwa, me ake kiransa a lakwal ɗinku?"

Na ce ai sefar tata ma, kuɗin can, ba waliyyiya ba ce, igiyarta na hannun Faransa, inda aka ja ta nan take bi. Ta ce, "Akuyata ma a ɗaure take, shi ya sa nake samunta da safe."

Dole in tsaya nan in yi ɗan darasi, don wanda bai san bakin iyaka ba. Kafin Turawa, kakanninmu da wuri suke ciniki, wuri zambar ashirin kuma, wato dubu ashirin, shi ne jaka. Goggo ta ce ta tuna mahaifiyarta na ware wuri biyar-biyar a daɓen wannan ɗakin. Da Ingilishi da Faransa suka ja layi tsakanin Maigatari da Dungas, ba ƙasa kaɗai suka raba ba, har kalmomin lissafi. Dala a nan sule biyu ce, a can tamma biyar ce ta sefa, abin da ko goro ba zai saya maka ba. Jaka a nan ta zama fam ɗari, wato naira ɗari biyu a yau. A can, inda suke cewa jikka, tamma dubu ce, wadda in ka kai wa Baban Maigatari ranar Alhamis, ko naira biyar ba zai ba ka ba. Kalma ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ta sayi sa, ɗaya ta sayi kaza biyu.

Ba wani sirri a nan. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ya san shi. A gidanmu kuwa abin dariya ne na yau da kullum, don Goggo ba ta taɓa yin lissafi da kuɗinmu ba. In ka tambayi kwalbar mai, da dalar can za ta gaya maka, kai ka san yadda za ka yi. Yara sukan bi ta suna cewa, "Goggon Faransa, a ba mu jikka mu sayi rake!" Yaya Alhaji da kansa, in yana cikin nishaɗi, yakan ce wa baƙinsa, "Ku gaida attajirar gidanmu, da jikka take magana."

Inda ta sami sefar, wannan shi ne abin da ya kamata a faɗa a zaure, ba wanda ya faɗa. Shekarun farin nan, da mutane suka riƙa gangarowa daga arewa, shanunsu sun ƙare a hanya, mata sukan iso Gumel da 'yan tammominsu ƙulle a bakin zane. Masu awo ba sa karɓa, in ma sun karɓa, a rabin daraja. Goggo ita kaɗai ce a unguwarmu ke karɓar kuɗinsu yadda yake. Ta sayar musu da ƙuli-ƙuli, ta ƙara musu da kunun da ba na sayarwa ba, ta tambaye su labarin garuruwan da ta sani. Nata shanun, waɗanda aka ba ta tun da daɗewa a madadin rabonta na gidan, su ma a wannan farin suka mutu, ban ji ta ambace su ba ko sau ɗaya. Na taɓa ganin ta raka wata mata mai goyo har gaban mai gero, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Auna mata da tiyar da kake auna wa uwarka." Ya auna. Matar Yaya ta yi ta mita cewa an cika mana gida da ƙwarƙwata. Tammomin da aka tara kuwa, duk Alhamis Goggo takan ba direban da ta yarda da shi ya kai wa Baban Maigatari ajiya.

Mahaifinmu ya rasu shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya haukata kasuwa. Gida ya koma hannun Yaya Alhaji. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, naira na taƙama, kowa na gini. Yaya na da motocin kaya biyu, yana kai siminti da sukari da atamfa bakin iyaka. Abin da ya rasa shi ne shago a kan titi, ya duba duk faɗin gidan bai ga bangon da ya dace ba sai bayan ɗakin Goggo.

Ina nan ranar da ya zo mata da maganar, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai cire takalmi ba.

"Goggo, barka da hutawa."

"Barka kadai, Alhaji. Yau kuma ɓatan hanya ka yi?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ya lura ƙarar motoci na hana ta barci. Ya ce akwai wata jikar baffanmu da ke aure a Gagarawa, ta ce tana marmarin tsohuwa a gida. "Can ga iska, ga nono, ba hayaniya."

"Iska na ce maka na rasa?"

"Ai don lafiyarki ne, Goggo."

"Lafiyata ta gode. Me za ka zuba a ɗakin?"

Ya ce siminti. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, shi ba ya jin ƙarar mota."

Bai ji kunya ba, don ba ranar ya fara ba. Ya ce bayan kaka za a zo da mota. Na yi masa magana a zaure, ya ce in ina tausayinta in ɗauke ta mana, ai ni ma ɗan ƙaninta ne. Na koma na ce mata ta zo Sule Tankarkar, gidan malamai akwai ɗaki. Ta dube ni kamar na ba da amsar da ba ta cikin tambaya. "Mushe, ba wurin kwana na rasa ba. Ko gindin bishiya na kwana a hanyar Damagaram. Nan nake so a wanke ni."

Da aka fara yankan gero, matar Yaya ta shiga ɗakin wai za ta taya ta haɗa kaya. Ita 'yar birnin Kano ce, ba ta taɓa taka Maigatari ba, kasuwar ƙauye ba ajinta ba ce. Abin da ya gudana, ita da kanta ta ba da labarinsa daga baya, sau da yawa, tana neman a tausaya mata. Goggo na jera tukwane, sai ta ce, kamar mai magana da tukunya:

"In an kai ni Gagarawa, a aika wa Baban Maigatari ya san inda nake. Jikkata sittin na hannunsa. Waɗanda za su yi jinyata a can, kada su tashi a banza."

Matar Yaya ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Jaka nawa, Goggo?"

"Jikka sittin."

"Sittin?"

"Da 'yan kai."

Matar da ko kuɗin cefane sai ta kira a lissafa mata, kafin ta kai ƙofar ɗakinta ta gama ninka sittin sau ɗari biyu, ta sami naira dubu goma sha biyu, ba kuskure. Da ɗalibata ce da na ba ta kyauta. Kalmar ta fito daga bakin Goggo jikka, ta isa kunnen Yaya jaka. Tsakar gidanmu kawai ta ratsa, amma ta ƙetare iyaka ba tare da ta tsaya a kwastan ba.

Ita matar ina iya yi mata uzuri. Shi Yaya fa? Mutumin da duk Alhamis yake canjin sefa da hannunsa, wanda ya shekara goma yana yi wa tsohuwar ba'a da wannan kalmar? Sai ya tuna ashe mijinta falken shanu ne. Sai ya tuna ashe Baban Maigatari manyan fatake ke ba shi ajiya. Ya ce dama shi ya daɗe yana zargin labarin takardun da aka liƙe akwati da su, wayon tsofaffi ne. Tambaya ɗaya ce za ta warware komai, amma a wurinmu ba a tambayar babba nawa ya tara, sai a ce kana jiran mutuwarsa. Kunyar da ba ta hana shi korar ta ba, ita ce ta hana shi tambaya. Ya dai zagaya ta wurin Baban Maigatari ranar kasuwa.

"Baba, an ce akwai ajiyar Goggo a wurinka."

"Akwai."

"Sittin ne kuwa?"

"Da 'yan kai. Sauran bayani a bakin mai ita."

Baba ya shekara arba'in yana riƙon amanar mutane, bai kai haka ba don yana da surutu.

Motar Gagarawa ba ta zo ba. Abin da ya zo magina ne. Aka yi wa soron rufin kwano, aka zuba siminti a daɓe, aka kawo gadon ƙarfe da katifa. Yaya ya gano cewa iskar ƙauye ba ta yi wa tsofaffi kyau. Kowace safiya sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin ƙofa: "Goggo, an tashi lafiya? Me ake marmari?" Matarsa ta koma dama kunun gyaɗa da hannunta, ita da ta ce warin man Goggo na sa ta ciwon kai. Kaji suka fara mutuwa a gidanmu ba tare da an yi baƙo ba. In Goggo ta yi tari ɗaya, an fito da mota sai asibiti. Labari ya fita, dangi suka riƙa ɓullowa daga garuruwan da ban san muna da kowa ba, kowa da ƙwaryar nono da tarihin yadda Goggo ta goya uwarsa.

Na karanta labaran munafunci a littattafai, na Larabawa da na Turawa, amma ban taɓa jin warinsa ba sai a tsakar gidan da aka haife ni. Babban mutum, alhaji, da furfura a gemu, yana fifita tsohuwa da mafici yana leƙen ƙarƙashin gadonta. In na zo hutun mako nakan rasa inda zan sa idona.

Goggo kuwa ta karɓi komai da fuskarta ta kullum. Ba ta yi godiyar da ta wuce kima ba, ba ta yi alkawarin komai ba. Takan ce miya ta yi gishiri. Ta yi ƙiba, ta daina matsar mai, ta koma zama a bakin ƙofa da carbi tana gyara wa masu wucewa tarbiyya. Na tambaye ta ko hidimar ba ta dame ta ba, ta ce, "Niyyarsu tsakaninsu da Allah. Kunun dai cikina ya shiga." Haka ta ci damina ɗaya da rani biyu a ƙarƙashin sabon kwano, har ciwon ajali ya zo, bai kuma ja ta da nisa ba.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha, aka rage mutane a zaure: liman, mai unguwa, mu 'ya'yan ƙaninta, da Baban Maigatari. Mata suna bayan ƙofa, ana jin numfashinsu. Baba ya jawo wata 'yar jakar fata daga aljihun ciki. Na ga idon Yaya ya wuce ta yana neman babbar a bayansa. Baba ya kwance, ya jera takardun sefa a kan darduma, tsofaffi, sun yi laushi kamar ganyen kuka, ya zuba 'yan tammomi a gefe.

Ya ce, "Ga amana. Jikka sittin, ga 'yan kai. Liman, a duba."

Yaya ya ce, "Wannan na mene ne?"

"Ajiyar matar yayana ce."

"Na ji. Ina nairorin?"

"Waɗanne?"

"Baba, kada mu yi haka da kai a gaban mutane. Jaka sittin ka ce mini da bakinka!"

"Sittin ka tambaya, sittin na ce. Ga su kuwa." Baba ya gyara zama. "In canji kake so, sana'ata ce. A farashin Alhamis da ta wuce, duka-duka jakarku ɗaya ce, da ɗan abin shan ruwa. Ba zan ci riba a kan mamaciya ba."

"Ɗaya? Ina hamsin da taran?"

Baba ya ce, "Sai ka tambayi wanda ya ba ka su."

Daga bayan ƙofa aka ji wani abu ya faɗi. Wannan karon ba wanda ya danne matar Yaya, kuma kukan na gaskiya ne, na ji bambancin. Yaya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce zai kai ƙara gaban alƙali. Mai unguwa ya tambaye shi wa zai kai, mamaciyar ko kunnen matarsa. Sai ya juya kan liman, ya ce to a fitar masa da kuɗin kwano da siminti da gado kafin a raba, ya fara lissafa kaji da yatsu. Liman ya bar shi ya kai yatsa na bakwai, sannan ya ce, "Alhaji, kwanon nan a kan ɗakin wa yake yanzu?"

Baba ya ce saura wasiyya ɗaya. Goggo ta ce a ba matar Alhaji jikka biyar, don ta iya dama kunu, kuma ba ta taɓa kawo shi da sanyi ba. Aka miƙa ta bayan ƙofa. An ce ta yi jifa da su, an kuma ce daga baya ta tsince.

Wannan ita ce yaudarar da ake faɗa. Ga kuma abin da na sani, wanda ban faɗa a zaure ba don ba wanda ya tambaye ni.

Cikin daminar da ta yi a ƙarƙashin kwanon, wata ranar Asabar da la'asar, ruwa ya tsare ni a ɗakinta. Tana kwance tana sauraron ƙararsa, ta ce kwano ya fi soro surutu amma ba ya tofa wa mutum yawu. Na ce, "Goggo, in tambaye ki mana."

"Ai aikinka ke nan, Mushe."

"Jikkar nan sittin, ta ina ce?"

Ta juyo ta dube ni. "Ni ta ina ce? Shekara nawa kuna mini dariya a gidan nan?"

"Ta can ce ke nan."

"Ta can ce. Kai kaɗai ka tambaya. Duk wanda ya tambaya, haka zan gaya masa."

"Har Yaya?"

"Har Alhaji. Kullum yana tsugune a nan, da bakinsa yake zuwa."

Na ce, "In ya tambaya fa, ya kai ki Gagarawa?"

Ta ce, "Sai in tafi, ba zan sayi ɗaki da ƙarya ba, da wace fuska zan kwanta a cikinsa? Amma ba zai tambaya ba. Amsar da ke cikinsa ta fi tawa daɗi." Ta ja bargo ta ce in ruwa ya ɗauke in ce wa matar Yaya kunun jiya ya yi tsami.

A ɗakin aka wanke ta. Ruwan ya bi ta rariya ya tsaya a gindin katangar da ta nuna mana. Da makara ta fito, ta wannan ƙofar ta fito.

Yaya bai jira ba, ana gama sadakar arba'in ya fasa bangon. Shagon na nan a kan titin Maigatari, siminti har rufi, yana karɓar naira yana karɓar sefa. Masu mu'amala da shi sun ce ya sami sabuwar ɗabi'a: ko mai rake ya ce masa jaka, sai ya tsayar da shi ya ce, "Tsaya tukuna. Ta ina?"

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata faɗanta da rowar gishirinta, Ya saka mata da kunun da ta shayar a shekarun fari. Allah Ya ba ta ɗakin da ba wanda zai zo ya auna bangonsa.